Abin da Ke Sa Ƙofar Tsohuwar Mota Ta Sauka, da Yadda Ake Daidaita Ta

Duk wanda ya saba shiga motar haya a hanyar da ta tashi daga Wudil zuwa Gaya, ko wadda ta bi daga Gaya zuwa Ajingi, ya san irin ƙofar nan da ba ta rufuwa sai an yi mata dabara. Fasinja zai ja ta sau biyu ta ƙi, sai direba ya waiwayo ya ce, "Malam, ɗan ɗaga ta sama, sannan ka bugo ta da ƙarfi." Wata kuma ba ta buɗuwa daga ciki sai an zura hannu ta taga, wata an ɗaure ta da igiyar roba, wata har an yi mata sakata irin ta ɗakin kwana. Mun saba da wannan har mun ɗauke shi halin tsufa kawai. Alhali ƙofar da ta sauka alama ce ta wani ciwo da ke wani wuri dabam a jikin motar, kuma duk wanda ya tsaya gyaran alamar ya bar ciwon, to aikinsa ba zai kai damina biyu ba.

Motar da ta fi dacewa mu yi misali da ita ita ce Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a shekarar 1968, ta kuma ci kyautar gwarzuwar motar Turai ta 1969. Kamfanin Peugeot na Nijeriya ya soma harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har wajen shekarar 2006, bayan an daɗe da daina yin ta a ƙasarta ta asali. Shekaru da dama ita ce motar ma'aikatan gwamnati, ita ce kuma motar tasha. A yau Golf da Sharon da ƙananan bas sun mamaye tashoshinmu, Fijo ta ragu ƙwarai, ta fara zama abin tarihi. Ko wadda aka harhaɗa a ƙarshen nan ta doshi shekara ashirin. Saboda haka wanda ya gaji ɗaya daga mahaifinsa, ya yi niyyar farfaɗo da ita, zai sayo kayan inji a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ba da wata wahala ba, amma inda zai sha aiki shi ne jikin motar, musamman ƙofofin nan huɗu. Aikin ƙarfe dai ba baƙo ba ne a ƙasar Gaya. Tarihin baka ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka sauka gindin Dala don neman tama, daga Gaya suka fito. Masu walda da masu bugun jikin mota na wannan zamani sana'ar kakanni suke ci gaba da ita, ko da kayan aikin sun canza.

Nauyi da nisa

Ƙofar mota a rataye take ta gefe guda. Hinji biyu ne ke riƙe da ita, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, dukansu a jikin ginshiƙi guda, ɗaya gefen kuwa yana lilo a iska duk lokacin da aka buɗe ta. Ɗaliban kimiyyar lissafi da ta fizik sun san ƙa'idar nan da Arkimidis ya bayyana fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, wato ƙarfin da ke juya abu ya dogara ne ga nauyi da kuma nisansa daga inda abin yake a kafe. Shi ya sa makanike ke zura bututu a hannun sifana idan noti ya ƙi kwancewa.

Mu ɗauka nauyin ƙofa kilo 20 ne, faɗinta mita 1, tazarar da ke tsakanin hinjin sama da na ƙasa kuma santimita 30. Tsakiyar nauyin ƙofar tana wajen santimita 50 daga ginshiƙi. In aka ninka 20 sau 50, aka raba da 30, za a sami 33 da 'yan kai. Ma'ana, ban da ɗaukar nauyin ƙofar kansa, ana fizgar hinjin sama daga jikin ginshiƙi da ƙarfin da ya kai na kilo 33, ana kuma danna na ƙasa cikin ginshiƙin da ƙarfi kamar haka. To, yanzu sai wani mutum mai kilo 60 ya zo ya dafa ƙarshen ƙofar, ya saki mata nauyinsa yana fitowa, ko yaron mota ya rataya a jikinta yana kiran fasinja. Nisansa daga ginshiƙi santimita 100 ne. Sittin sau 100, a raba da 30, ya ba da 200. Wato hinjin sama ya ɗauki ƙarin jan da ya kai nauyin buhun hatsi biyu manya, a kan wata 'yar ƙusa da kaurinta bai wuce na fensir ba. Motar da ke jigilar 'yan kasuwa zuwa Wudil kowace Juma'a ana yi wa ƙofofinta haka sau ɗaruruwa a wata.

Hinji da gwiwa

Sana'ata nazarin halittu ce, don haka ba na iya kallon hinji ba tare da na tuna gwiwar hannu da ta ƙafa ba. Dukansu gaɓoɓi ne masu lanƙwasuwa ta fuska guda. A gaɓar ɗan Adam, kan kowane ƙashi lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi, sannan ga wani ruwa mai yauƙi da jiki ke samarwa yana shafe wurin dare da rana. A hinjin mota, ƙusar ƙarfe ce ke juyawa cikin rami, a motoci da yawa kuma akwai wani ɗan zobe na tagulla ko na roba mai tauri tsakanin ƙusar da ramin, wanda makanikai ke kira bushin. Da gangan aka yi zoben da abin da bai kai ƙusar tauri ba, domin shi ya cinye a canza shi da araha, hinjin ya tsira. Giris kuma shi ne ke tsayawa a madadin ruwan gaɓa.

Sai dai akwai bambanci babba. Ƙashi abu ne mai rai. Wani likita Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana a 1892 cewa ƙashi yana sake gina kansa daidai da nauyin da ake ɗora masa, yana ƙara kauri a inda aiki ya yi yawa. Ƙarfe ba ya haka. Abin da ya goge ya tafi ke nan. A wannan fuskar hinji ya fi kama da guringuntsi, wanda ba shi da hanyoyin jini, saboda haka in ya cinye da wuya ya dawo, sai ƙashi ya riƙa gogar ƙashi, abin da ke jawo ciwon gwiwar da tsofaffi ke kuka da shi.

Babban abokin gabar hinji a ƙasarmu shi ne ƙura. Rairayin hanya yana ɗauke da ƙwayoyin wani dutse da ya fi ƙarfen mota tauri. Hazon hunturu ma ba laushi gare shi ba kamar yadda ido ke gani. Kaso mai yawa daga cikinsa yana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, inda a dā ruwan wani makeken tafki ya kwanta, kuma akasarin ƙurar can ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani, ɓawo mai sinadari irin na gilashi. Idan irin wannan ƙura ta haɗu da tsohon giris a cikin hinji, sai ta zama kamar tokar da ake goge tukunya da ita. Kowace buɗewa da rufewa tana ɗan kankare ƙusar, ramin da yake zagayayye ya koma kamar ƙwai.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar lalacewar da ake bukata kafin ƙofa ta ƙi rufuwa. Mu koma kan ƙofarmu ta ɗazu. In hinjin sama ya saki da milimita 1, na ƙasa ma ya saki da milimita 1, ƙofar ta karkata da milimita 2 a tsawon santimita 30. Tunda faɗinta ya ninka wannan tazara sau uku da 'yan kai, ƙarshenta zai sauka da kusan milimita 7. Giɓin da aka bari tsakanin ƙofa da jikin mota a irin waɗannan motoci kuwa bai cika wuce milimita 4 zuwa 5 ba. Ke nan gogewar da farce ke iya rufewa a wajen hinji ta isa ta sa gindin ƙofa ya riƙa kartar dokin ƙofa.

Idan ba hinjin ba ne

Wani lokacin hinji lafiyarsa ƙalau, wurin da aka kafa shi ne ya gaza. Fijo 504, ƙaramar da mai dogon baya, ba a kan wani shasi dabam aka ɗora jikinta ba, jikin ne kansa ƙashin bayanta. Rufi da ginshiƙai da dokin ƙofa da daɓen ƙasa an haɗe su da walda sun zama akwati guda, kamar yadda ƙwaro ke ɗauke da ƙashinsa a waje. In tsatsa ta cinye dokin ƙofa, ko an shekara ana lafta wa motar lodin da ya fi ƙarfinta a hanya mai ramuka, sai akwatin ya murɗe, bakin ƙofar kansa ya daina zama daidai. A nan ko sabuwar ƙofa aka kawo daga masana'anta ba za ta zauna ba.

Tsatsa na bukatar abu uku: ƙarfe, da iskar oksijin, da danshi. Mutum zai ce ai ƙasarmu busasshiya ce, kuma gaskiya ne motocin Kano ba sa ruɓewa kamar na Legas. Amma a gindin kowace ƙofa akwai wasu 'yan huji da aka yi don ruwan da ya bi ta gefen gilashi ya tsiyaye. Ƙurar rani takan toshe su, ruwan Yuli da Agusta ya zo ya tarar da laka, lakar ta riƙe danshi makonni. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, don haka tana kumbura ta ɓare fenti, ta buɗe wa ruwa sabuwar hanya. Tsinke guda ya isa buɗe hujin nan, amma direbobi kaɗan ne suka san da su.

Gane bambancin ciwon biyu ba shi da wuya. A buɗe ƙofa kamar tsawon taki ɗaya, a kama ƙarshenta a ɗaga sama a saki, wani kuma ya sa ido a kan hinji. In aka ji ƙwas-ƙwas, aka ga rabin hinjin na motsi rabin na tsaye, ƙusa ce ko bushin. In kuwa hinjin gaba ɗaya ke motsi tare da ƙarfen ginshiƙi, ko aka ga fenti ya tsage kewaye da shi, to ginshiƙin ne ya gaji. Bakin ƙofa kuma ana auna shi da tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta a karkace, a gwada da na ɗaya gefen motar. Awon dama da na hagu ya kamata su zo ɗaya.

Tsarin aikin

Ƙwararrun masu farfaɗo da tsofaffin motoci, a ko'ina suke, suna bin jeri guda, kuma kowane mataki da dalilinsa. Da farko motar ta tsaya a kan tayoyinta huɗu, a daɓe mai daidai. Wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne a garejin da ke gindin bishiya. Motar da aka ɗage a kan jak ko aka tokare da kututture jikinta a ɗan murɗe yake, ƙofar da aka daidaita a haka za ta goce da zarar an sauke ta. In akwai ruɓaɓɓen dokin ƙofa da za a yanke a sake, sai a fara gitta ƙarfe a bakin ƙofar a ɗan ɗiga masa walda, don kada akwatin ya buɗe ko ya tsuke sa'ad da aka cire abin da ke riƙe da shi. Walda kuma a riƙa yin ta ɗigo-ɗigo ana barin wurin ya huce, domin zafi mai yawa yana lanƙwasa falle.

Bayan jiki ya daidaita, an sa sababbin ƙusoshi da bushin, sai a kwance ƙarfen nan da ke jikin ginshiƙin baya, wanda makullin ƙofa ke cafka in an rufe. Bari mu kira shi mariƙi. Dole a cire shi a ajiye gefe, don muddin yana nan zai riƙa jan ƙofar zuwa inda yake, ya ɓoye wa mai aiki ainihin inda ta rataya. Ana so a ga ƙofar tana shiga gurbinta da kanta, da turin yatsa guda, ba abin da ke ɗaga ta.

A mota mai ƙofa huɗu, da ta baya ake farawa. Dalili kuwa shi ne ɓangaren jikin motar da ke bayanta a manne yake da walda, ba ya gusawa, don haka shi ne ma'auni. In ta baya ta zauna, sai a daidaita ta gaba da ita, daga ƙarshe a daidaita fenda, wato murfin da ke saman tayar gaba, tunda ita da noti aka ɗaure ta, tana karɓar gyara. Wanda ya faro daga gaba zai tara duk kuskurensa a baya, inda babu abin da zai matsa.

A inda hinji ke ɗaure da noti, ramukansa sukan ɗan fi notin faɗi, don a sami damar motsa ƙofa sama ko ƙasa, ciki ko waje. Kafin a sassauta komai sai a zagaye hinjin da fensir, a san inda aka taso. A tallafi gindin ƙofar da jak da guntun katako, a sassauta hinji ɗaya kaɗan, a motsa da milimita ɗaya, a ɗaure, a rufe, a duba. In ƙarshen ƙofar ne a ƙasa, 'yar siririyar washa a bayan hinjin da ya dace tana iya ɗago shi, kuma lissafin nan namu na ninki uku yana aiki a nan ma: washa mai rabin milimita ta isa ta motsa ƙarshen ƙofa da fiye da milimita ɗaya da rabi. A wasu motocin hinjin a manne yake da walda, to nan gyaran ya fi wuya, sai gwani. Abu uku ake dubawa: giɓi ya zama ɗaya daga sama har ƙasa, layin da ya ratsa gefen mota ya miƙe daga fenda har baya ba tsalle, sannan fuskar ƙofa ta yi daidai da maƙwabtanta in aka shafa da tafin hannu. Guntun kwali mai kaurin da ake so ya isa ma'aunin giɓi.

Akwai tarko guda da ke kama har waɗanda suka daɗe a sana'ar. Lokacin gyaran jiki akan cire gilashi da injin ɗaga shi da makulli da kwalin ciki, ƙofar ta zama fanko. In aka daidaita ta a haka, ranar da aka mayar da kayan za ta sauka. Maganin shi ne a auna kayan a sikeli, a zuba yashi mai nauyinsu a leda a ajiye cikin ƙofar muddin ana aiki. Duk wannan kuma kafin fenti ake gama shi, ba bayansa ba.

Sai a ƙarshe a mayar da mariƙi. Aikinsa riƙewa ne kawai. In aka lura ƙofa na ɗan hawa ko ɗan sauka a daidai lokacin da makulli ya cafke shi, to ba a zaunar da shi daidai ba.

A nan ne nake da ja da wata al'ada da ta yaɗu a garejinmu. Mota za ta zo da saukakkiyar ƙofa, sai a ɗaga mariƙi sama, ko a sa katako a gindin ƙofar a banƙare ta da jak har hinji ya lanƙwashe. Cikin minti goma ƙofa ta rufu, mai mota ya biya ya tafi yana murna. Ban ce masu wannan aiki ba su da basira ba, sau da yawa mai motar ne ba ya son biyan kuɗin aikin yini guda. Amma ɗaga mariƙi yana mayar da nauyin ƙofa kan makulli, wanda ba don ɗaukar kaya aka yi shi ba, sai haƙoransa su cinye. Banƙarewa kuma, in an maimaita ta, tana gajiyar da ƙarfe. Duk yaron da ya taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya san yadda abin ke ƙarewa.

Hayaƙi da haɗari

Robar da ta zagaye bakin ƙofa ba don ƙura da ruwan sama kaɗai aka sa ta ba. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Sinadarin himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda aikinsa ɗaukar oksijin ne, yana kama wannan iska da ƙarfin da ya ninka yadda yake kama oksijin fiye da sau 200. Kaɗan daga cikinta ya isa ya kawo ciwon kai da jiri da gyangyaɗi. Tsohuwar mota mai fasasshiyar salansa, ga ƙofar baya ba ta manne wa robarta, tana iya zuƙo hayaƙin nan ciki, musamman mai dogon baya, domin iskar da ke bayan mota mai gudu tana murɗawa ta komo. Direban da ke gyangyaɗi da rana tsaka ba lallai rashin barci ne ke damunsa ba. Ana gwada roba da 'yar takarda: a rufe ƙofa a kanta, a ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, akwai kafa a wurin. Sabuwar roba kuwa takan yi tauri ta ɗan turo ƙofa waje na wasu makonni, kada a yi gaggawar matsar da mariƙi saboda ita.

Makullin kansa mataki biyu gare shi. In aka tura ƙofa a hankali za a ji ƙaram na farko, a ƙara turawa a ji na biyu. Na biyun ne rufuwa, na farko kariya ce kawai in na biyu ya kuɓuce. Ƙofar da ta sauka sau da yawa a matakin farko take tsayawa, fasinja ya jingina da ita yana zaton a rufe take. Binciken haɗurran mota da Jami'ar Cornell ta Amurka ta gudanar a shekarun 1950 ya nuna cewa buɗewar ƙofa da wurgo mutum waje na cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a haɗari. Wannan ya sa kamfanonin Amurka suka sake fasalin makullansu tun daga tsakiyar shekarun, daga 1968 kuma doka ta wajabta wa makulli da hinjin sabuwar mota su jure wani ƙayyadadden ƙarfi. Amma ƙarfin da aka gwada a masana'anta na makullin da ya cafki mariƙinsa sosai ne. Sakatar ɗaki da igiyar roba kuwa matsalarsu biyu ce: ko dai su tsinke lokacin karo, ko su ƙi buɗuwa sa'ad da ake neman fitar da mutane da gaggawa.

Malaman kimiyya a makarantun Gaya da Ajingi ba sa bukatar mota kafin su nuna wa ɗalibai wannan darasi. Ƙyauren aji ya wadatar. A sa ɗalibai su auna faɗinsa da tazarar da ke tsakanin hinjinsa, su lissafa ninkin, sannan a sassauta sukurorin hinjin sama kaɗan, su auna yawan sakin da aka samu a wajen hinji da yawan saukar ƙarshen ƙyauren, su gwada da abin da lissafi ya ba su. Daga nan a karkasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya nemi izinin wani mai gareji a gari, ya auna giɓin ƙofofin mota guda a sama da tsakiya da ƙasa, ya yi gwajin ɗagawa da na takarda, ya rubuto ko ciwon na ƙusar hinji ne, ko na ginshiƙi, ko na jikin motar gaba ɗaya, tare da hujjar da ta sa ya faɗi haka.